Na gwada statcheck a kan takardun ɗalibanmu na nan Madina, ga ra'ayina

Duk mai rubuta takardar bincike da turanci kuma akwai lissafi a ciki, gaskiya ka loda ta a statcheck, wata manhaja mai duba kuskuren lissafi a takardun bincike, kafin ka tura wa mujalla, kyauta ne ko riyal ɗaya ba za ka biya ba. Michèle Nuijten ta jami'ar Tilburg a Holan da Sacha Epskamp ne suka ƙirƙiro shi, akwai shi a manhajar lissafi ta R akwai kuma shafin intanet da za ka sa fayil ɗinka na Word ko PDF kawai.

Aikinsa ɗaya ne tak. Yana bin rubutun yana tsinto sakamakon da aka rubuta a salon APA (tsarin rubutun ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka), ya sake lissafa p da kansa, wato lambar da ake dubawa a ce an samu bambanci ko ba a samu ba, ya duba ko ta dace da wadda ka rubuta.

Ni dama ina ɗan duba wa yaranmu masu mastas rubutu kafin su kai wa mushrif, wato malamin da ke kula da bincikensu, to wani ƙanina ɗan Sakkwato ya kawo min tasa bayan isha'i, ya ce yaya don Allah turancin kawai za ka gyara min, lissafin an gama. Na loda ta, ko shayin da ke gabana bai huce ba sakamako ya fito, ya nuna wani layi: t(58) = 1.85, p = .04 (t ita ce lambar gwajin da ake fitar da p daga gare ta). Shi kuma statcheck ya lissafa p ya samu wajen .07. Kun ga ai magana ta canza, .04 na ƙasa da .05 wato an samu bambanci, .07 kuma ba a samu ba, kuma a kan wannan layin yaron ya gina kusan rabin tattaunawarsa. Da muka buɗe SPSS, manhajar da ya yi lissafin da ita, ashe ya cire wasu mutane daga bayanan ya sake lissafi, ya canza t ya bar tsohuwar p. Na ce masa kwantar da hankalinka ba kai kaɗai ba ne, binciken su Nuijten na 2016 ya bi p sama da 250,000 a mujallun ilimin halayyar ɗan Adam, kusan rabin takardun na da irin wannan saɓanin aƙalla ɗaya, ɗaya cikin takwas kuma saɓanin zai iya juya sakamakon.

Amma fa yana da iyaka, kuma masu shi ba su ɓoye ba. Ba ya karanta jadawali. Mu kuma a nan kun san yadda risalar larabci take, jadawali bayan jadawali sai a rubuta "dalla" ko "gairu dalla" (an samu bambanci ko ba a samu ba) a gefe, irin wannan in ka loda ba abin da zai tsinta. Wanda bai sani ba sai ya ɗauka an wanke shi ke nan, alhali ko kallon lambobin ba a yi ba. In kuma gwaji mai gefe ɗaya (one-tailed) ka yi to ka rubuta haka ɓaro-ɓaro kuma ka kunna zaɓinsa a statcheck, in ba haka ba zai iya cewa ka yi kuskure.

Sannan bai san gaskiya ba bai san ƙarya ba. Wanda ya zauna a ɗaki ya cike takardun tambaya ɗari da hannunsa, in dai t da p sun dace zai wuce sumul. Bai san ko gwajin da ka zaɓa ma shi ne daidai ba, wannan sai mushrif.

'Yan lab kuwa masu aiki da ɓeraye da ƙwayoyin halitta wata manhajar mai suna SciScore ta fi musu amfani, ita sashen hanyoyin bincike take dubawa, ko ka faɗi yadda ka raba samfur ba tare da zaɓe ba, ko ka sa lambar RRID, wato lambar shaidar kayan aikinka, sai ta ba da maki har zuwa 10.

Yaron dai ya sake rubuta tattaunawar, ya yi ta ƙunƙuni don sai da ya ɗaga ranar kai wa mushrif. Yanzu duk wanda ya kawo min aiki sai na ce ya haɗo da fayil ɗin SPSS ɗinsa, kuma Word nake so ba PDF ba, don a PDF wani lokacin alamar = ko < kan ɓace layin ya wuce ba a duba ba.