Amfilifaya da makirufo ko manhajar kwaikwayo: wanne ya fi don ɗaukar jitar lantarki?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ka tara kuɗi ka sayi amfilifaya da makirufo, ko kuwa ka haɗa jitarka da kwamfuta ka yi amfani da manhajar da ke kwaikwayon amfilifaya, ganin cewa a ɗakinka kake ɗaukar sauti. A ganina manhaja ta fi dacewa da kai, amma bari in jera maka su biyun.

A tsohuwar hanya, sautin jita yana shiga amfilifaya, ya fito ta lasifika, sannan makirufo irin Shure SM57, wanda ake amfani da shi tun 1965, ya ɗauke shi. Matsar da makirufon da ɗan yatsa biyu daga tsakiyar lasifika zuwa gefenta yana rage kaifin sautin sosai, kuma ɗakin ma yana shiga cikin abin da aka ɗauka. Amfilifaya mai bawul kuwa, wato mai ƙwayayen gilashi da ke ƙara ƙarfin sauti, ba ta cika ba da kaushin nan mai daɗi sai an ɗaga muryarta, ga shi ƙaramin ɗaki mai bangon siminti yana mayar da amo marar daɗi, maƙwabta kuma suna da haƙƙinsu. Abin da makirufo ya ɗauka ya zauna ke nan. Idan kaushin ya yi yawa, sai dai a sake kaɗawa.

A hanyar manhaja, busasshen sautin jita, wato wanda bai ratsa amfilifaya ba, shi ne kawai ake ajiyewa, manhajar kuma ta ɗora masa muryar amfilifaya daga baya. Abin ya daɗe: kamfanin Line 6 ya fitar da Amp Farm a 1998, AmpliTube ya biyo baya a 2002, Guitar Rig a 2004, yanzu kuma akwai Neural Amp Modeler, wanda kyauta ne, yana koyon halin amfilifaya ta gaske daga sautin da aka ratsa ta cikinta. Babbar ribar ita ce kana iya sauya amfilifaya bayan ka gama kaɗawa, lokacin da ganga da murya suka shigo ka ji abin da waƙar ke bukata. Wannan ribar tana da tarko, domin na sha ɓata dare guda ina sauya sauti ban ƙara ko baiti ɗaya ba.

Yawancin masu cewa manhaja ba ta da daɗi, matsalarsu ba daga manhajar take ba. Ta farko ita ce mashiga. Jitar da ba ta da batir tana bukatar mashigar da aka rubuta wa Hi-Z ko Inst a jikin na'urar shigar da sauti (akwatin da ke haɗa jita da kwamfuta), mai juriyar lantarki ta kusan megohm 1. Idan ka sa ta a mashigar da aka rubuta wa Line, sautin zai dushe tun kafin ya kai kwamfuta. Ka kuma bar sarari, kada bugunka mafi ƙarfi ya wuce kusan -12 dB a ma'aunin ƙarfin sauti, domin sautin da ya fashe a mashiga ba ya gyaruwa. Ta biyu ita ce lasifika. Manhaja tana kwaikwayon akwatin lasifika da makirufo ta wani ɗan gajeren fayil da ake kira IR, kuma sauya wannan fayil sau da yawa ya fi sauya amfilifayar kanta tasiri. Wanda ya manta ya kunna shi zai ji wani ƙara mai tsini kamar na ƙudan zuma.

Inda amfilifaya ta gaske ta yi zarra shi ne a hannun makaɗi. Iskar lasifika tana dukan jikin jita, tsirkiya ta daɗe tana amo, hedifon kuma ba ya yin haka. Sai batun jinkiri tsakanin bugunka da jin sautin, wanda ya danganta da girman ma'aji, wato yawan gutsattsarin sauti (samfuri) da kwamfuta ke tarawa kafin ta sarrafa su: a 48 kHz, wato samfuri 48,000 a daƙiƙa, ma'ajin samfuri 128 yana ɗaukar kusan milisakan 2.7, kuma idan aka haɗa shiga da fita, na'ura mai kyau tana tsayawa ƙasa da milisakan 10. Sauti yana tafiyar mita 343 a daƙiƙa, don haka wanda ya tsaya mita 3 daga amfilifayarsa yana jin jinkirin kusan milisakan 9 bai damu ba. Idan ka kai ma'ajin 512 ko 1024 ne hannunka zai fara rigan kunnenka, saboda haka ka rage shi lokacin ɗauka, ka ƙara shi lokacin haɗa sauti.

Shawarata ita ce ka sa kuɗinka a na'urar shigar da sauti mai kyau da sababbin tsirkiyoyi, ka fara da manhaja ta kyauta, kuma ka adana busasshen sautin kowace ɗauka. Ranar da ka samu amfilifaya da ɗakin da ya dace, za ka iya tura wannan sautin cikinta ta akwatin riyam, wanda ke daidaita sautin kwamfuta da mashigar amfilifaya, ka kafa makirufo ka sake ɗauka ba tare da ka taɓa jitar ba.