Procreate a kan iPad: ya isa a haɗa littafin yara da shi?

Aikin zanen littattafan yara da ke zuwa hannun Hausawa masu zane a Jidda, Makka da Madina yawanci iri biyu ne. Akwai na marubutan Larabci da ake haɗuwa da su a shafukan neman aiki na intanet irin Mostaql ko Khamsat, akwai kuma na iyaye da malamai masu son ɗan littafin Hausa saboda yaran da aka haifa a nan, waɗanda Larabci ya fi kama bakinsu. A duka biyun, kayan aikin da aka fi tambaya a kai shi ne iPad da manhajar Procreate. Wajen zane kam ba ta da abin kushewa. Wajen kai littafi maɗaba'a kuwa, a tsakiyar hanya take sauke mutum.

Manhajar ta kamfanin Savage Interactive ce na ƙasar Ostareliya, sau ɗaya ake biyan kuɗinta, babu biyan wata-wata. Tsadar tana wajen allon da alƙalaminsa, kuma a nan ake fara tafka asara. Apple Pencil mai USB-C ya fi araha, amma ba ya jin nauyin hannu: ka danna ko ka sassauta, kaurin layi ɗaya ne. Mai zane ba shi da abin yi da shi. Na ƙarni na biyu kuma ba ya aiki da iPad Air mai M2 ko iPad Pro mai M4, waɗannan Pencil Pro na 2024 suke so. Kafin ka biya a Jarir ko wani shago, a haɗa maka alƙalamin da allon a gabanka, ka ja layi ka gani.

Littafin hotuna na yara galibi shafi 32 ne, don ana buga shafuka takwas-takwas ko sha shida-shida a babbar takarda kafin a naɗe. Idan littafin santimita 21 ne tsawo da faɗi, shafi biyu a buɗe 42 da 21 ke nan. Ƙara rarar milimita 3 a kowane gefe saboda wuƙar yanka, ya zama 42.6 da 21.6. A kan ɗigo 300 cikin inci, fiksel 5031 da 2551 za ka buɗe. Ka yi wannan lissafin tun kafin layin farko, domin zanen Procreate na fiksel ne, in ka ƙara masa girma daga baya sai ya dushe. Girman filin zane kuma yana cin adadin fallayen (layers, wato hawa-hawan zane) da za ka iya jerawa, shi ya sa allo mai ƙaramar ƙwaƙwalwa yake takura mutum a shafi mai cunkoso irin na kasuwa ko taron suna.

Launi ne babbar matsalarta. Gilashin iPad yana nuna kore da shuɗi masu walƙiya da tawada ba za ta iya fitarwa ba. Tun fitowar Procreate 5 a 2019 ana iya aiki da CMYK, tsarin tawada huɗu na maɗaba'a (shuɗi C, ja M, rawaya Y, baƙi K), amma lokacin buɗe filin zane ake zaɓa, ba a juya aikin da aka fara da RGB, tsarin launin gilashi, daga baya. Ka nemi maɗaba'a ta ba ka fayil ɗin ICC nata, mai bayanin yadda launi ke fita a injinta, ka shigar. Inda abin ya fi ciwo shi ne fatar yaranmu. Launin ƙasa-ƙasa mai kyau a gilashi yakan fito kamar laka a takarda, ido da baki su ɓace, saboda baƙar tawada ta yi yawa a haɗin. Wurin farawa mai kyau shi ne C30 M60 Y70 K30 (kashi cikin ɗari na kowace tawada), inuwa kuma a yi ta da ja mai duhu, ba da baƙi ba. Jimlar tawada huɗun kada ta haura 300 a takarda mai sheƙi, in ta haura ba ta bushewa da wuri, sai shafi ya shafi ɗan'uwansa. Kada a buga ɗaruruwa sai an ga gwajin shafi ɗaya a ainihin takardar.

Rubutu kuwa, a fitar da shi daga Procreate gaba ɗaya. Tana da wurin rubutu, amma bai dace da tsara littafi ba. Ka bar fili a zanen, ka fitar da shi a TIFF ko PSD, a ɗora kalmomi a manhajar tsara shafuka ta InDesign da baƙi zalla, K100. Ga Hausar boko, a duba ko salon harufan yana da ɓ, ɗ da ƙ, don yawancin masu ƙayatarwar nan babu su. Salon harufan Andika na ƙungiyar SIL yana da su, kuma don masu koyon karatu aka yi shi. Tambaya ɗaya da ake yawan mantawa: ta wane gefe littafin zai buɗe? Na Larabci da na ajami daga dama suke farawa, don haka yaron da ke gudu zuwa shafi na gaba hagu zai fuskanta, bangon gaba ma ya koma ɗaya ɓangaren. Juya hoto da dannawa ɗaya ba ya gyara wannan, sai ka wayi gari yaro yana cin tuwo da hagu, abin da babu uwar da za ta yarda da shi a nan. Fuska kuma kada ta faɗa tsakiyar littafi, ɗinki zai cinye ta.

Zanuka a cikin manhajar suke zaune, in aka goge ta sun tafi, sai a riƙa kwashewa duk mako. Apple ya ce allon yana aiki ne tsakanin digiri 0 da 35 na ma'aunin Celsius, to motar da aka ajiye a rana a Jidda ba wurinsa ba ce. Bidiyon da Procreate take naɗa na yadda zane ya taso yana cin wuri, amma kar a kashe shi: yanzu da masu ba da aiki ke zargin ko na'ura ce ta zana, shi ne shaidarka. Fayil mai fallaye a rarrabe kuwa kuɗinsa daban ne, a rubuta haka a yarjejeniya tare da adadin gyara, tun ranar karɓar kafin alƙalami.