Masu gidajen burodi, hattara da mai sayar da fankar tanderu

Jama'a masu tanderun itace, a kula. Akwai wani mutum da ke zagaya gidajen burodi tun shigowar damina, yana kiran kansa injiniya. Da ya ga hayaƙi na dawowa ta ƙofar wuta, ko burodi na fitowa sama a ƙone ciki ɗanye, sai ya girgiza kai ya ce, "Alhaji, tanderun nan ba ya samun iska, sai an sa masa inji ɗan waje." Ya karɓi kafin alƙalami, ya dawo da wata 'yar fanka ta gwanjo da aka shafa wa sabon fenti, ya ɗaura a bakin murhu, ya amshi cikon kuɗinsa. Bayan nan duk sanda aka kira shi, layi a kashe.

Abin haushin ma, ko bututun hayaƙi ba ya leƙawa, alhali galibi can matsalar take. Iska mai zafi sama take yi, ita ce ke janyo sabuwa ta ƙasa. Idan kunkunniya ta cushe bututun, ko toka ta taru ta toshe mashigar iska a ƙarƙashin itace, wuta sai ta yi ta cin kanta ba harshe. Sannan ga ɗanyen itace. Darbejiyar da aka sare kwanan nan, ko marken da ya sha ruwan sama, za ka ji yana tsuwa, kumfa na fita ta bakin sara. Irin wannan hayaƙin shi ke barin baƙin danƙo kamar kwalta a jikin bututu. Itacen da ya dace, danshinsa bai kamata ya wuce kashi 20 cikin 100 ba.

To a hura iska da ƙarfi cikin tanderun da mafitarsa ta toshe, ina hayaƙin zai bi? Kan yaran da ke aiki zai dawo, tare da kabon monoksaid, iskar da ba ta da wari ko launi amma tana kisa. Yaro ya fara kukan ciwon kai da jiri a bakin wuta, a fitar da shi waje nan take.

Kafin ku ba kowa ko sisi, ku bari tanderu ya huce, a kwashe toka, a zura sanda da buroshin waya a kankare bututun. Sai a hura ƙaramar wuta da busassun ƙirare, a kunna takarda a bakin ƙofar. Idan harshenta ya karkata ciki, tanderun na jan iska, ba ya bukatar fankar kowa.