Faifan Pontanima da na sayo daga Sarajevo

Butar kofi ta jan ƙarfe na shiga nema wa Inna tsaraba a wani ɗan shago kusa da masallacin Gazi Husrev-beg, cikin tsohuwar kasuwar Sarajevo, babban birnin Bosniya. Na tarar da mai shagon, wani dattijo, ya kunna waƙa ƙasa-ƙasa. Muryoyin maza da mata ne a jere irin na majami'a, amma sunan Allah nake ji suna ambata da lafazin da na tashi da shi. Na tsaya cak, butar na hannuna.

Ya ce mini ƙungiyar mawaƙa ta Pontanima ke nan. Wani limamin Katolika mai suna Ivo Marković ne ya kafa ƙungiyar a 1996, shekarar da aka ɗage ƙawanyar da aka yi wa birnin ta kusan shekara huɗu, wadda ta ci rayuka sama da 11,000. Sunan daga Latin yake, gada da kuma rai. Musulmi da Katolika da 'yan Otodoks da Yahudawa ne ke tsayawa kafaɗa da kafaɗa, kowa na rera waƙar ibadar ɗan'uwansa. Marka 20 na kuɗin ƙasar na ba shi, ya naɗe mini faifan a takarda tare da butar.

Wata uku ke nan ina saurarensa a mota. Waƙoƙin Otodoks su suka fi kama ni: babu kiɗa ko kaɗan, muryoyin maza na can ƙasa kamar rugugin hadari daga nesa, na mata na shawagi a bisansu. Na Yahudawan da aka koro daga Andalus a 1492 kuwa akwai wani karin kewa a cikinsu da ya tuna mini da yadda tsofaffinmu ke jan Ishiriniya a daren Mauludi. Waƙoƙin bege na Musulmin Bosniya, da suke kira ilahije, da farko sun yi wa kunnena baƙunta, don ban saba jin yabo an raba shi murya huɗu ba. Sai da na maimaita sau da yawa kafin na sake jiki. Abin da ya kwantar mini da hankali shi ne ladabin da ke ciki. Kana ji ka san mutanen nan sun zauna sun koyi furucin har ya zauna a bakinsu, ba kwaikwayo suke yi ba.

Ni ɗan Jos ne. Ina aji biyu na sakandare rikicin Satumbar 2001 ya ɓarke, kuma tun daga lokacin unguwanninmu suka rabu gida biyu. Abokin da muke zama benci ɗaya da shi, uwarsa ce ke buga tulu a Zumuntar Mata, ni kuma nakan tsaya bakin tagarsu ranar da suke koyon waƙa ina ji. Bayan rikicin suka tashi. Wallahi sai da faifan nan ya sa na gane shekara nawa rabona da jin wannan sautin a kusa.

Kada wani ya ɗauka waƙa ta gama gyara Bosniya. Har yau akwai makarantun da yara ke karatu a gini ɗaya amma an raba su bisa ƙabila. Sai dai wanda kuka shafe watanni kuna daidaita numfashi tare, yana jiran muryarka kafin ya ɗora tasa, da wuya ka ci gaba da kiransa "su wancan".

Mai son saye ya tanadi abin kunna faifai, don yawancin kwamfutocin yanzu ba su da wurinsa. Makon jiya na samu lambar abokin nan nawa, yanzu shi ke koyar da mawaƙa a cocinsu. Ranar Asabar zan kai masa faifan da kaina.