Sharhi kan aikin auna aisotof na naitirojin a tsirran daji

Na aika samfuran tsirran daji zuwa wani ɗakin gwaje-gwaje da ke karɓar aiki daga waje, domin a auna yawan naitirojin-15 da ke cikinsu idan aka kwatanta da naitirojin-14, wato aisotof ko nau'o'i biyu na naitirojin, waɗanda na farkon ya ɗan fi na biyun nauyi. Daga wurare biyu na tsinko su, fadama mai riƙe ruwa da tudu mai fama da fari, kuma kowane tsiro na ware ganyensa daban, saiwarsa daban.

Umarnin da suka turo tun farko ya gamsar da ni ƙwarai: a busar da samfur a zafin digiri 60 na kwana biyu, a niƙa shi ya yi laushi kamar gari, sannan a naɗe 'yan miligiram a ƙaramin kwanson kuza wanda na'ura za ta ƙona ƙurmus. Wannan tsanani yana da dalili, domin naitirojin-15 bai wuce kashi 0.37 cikin ɗari na naitirojin da ke iska ba, kuma tazarar da ake nema tsakanin ganye da saiwar tsiro guda sau da yawa 'yan kashi ce cikin dubu. Rahotonsu ya nuna sun gwada na'urar da ma'aunan Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya da ke Biyana, abin da ya sa na yarda da alƙaluman.

Sakamakon ganyen bai ba ni mamaki ba. Dangin wake, waɗanda bakteriyar saiwarsu ke ɗauko naitirojin daga iska, sun tsaya kusa da sifili, wato kusan daidai da naitirojin ɗin iska wanda shi ne sifili a ma'aunin, yayin da ciyayin tudu suka ɗara na fadama yawan naitirojin-15, kasancewar busasshiyar ƙasa mai zafi tana sakin naitirojin mara nauyi ta bar mai nauyi.

A saiwoyi aka samu matsala. Naitirojin ɗin saiwa bai kai na ganye ba, don haka tana buƙatar samfur mafi nauyi, amma ba wanda ya ja hankalina, sai da aka ƙone su aka rubuto cewa alamar da na'urar ta karanta daga wasunsu ta yi rauni. Na sake aikawa, suka auna cikin gaggawa, sai dai garin saiwa biyu ya riga ya ƙare. Zan koma wurinsu, amma a karo na gaba sai na fara tambayar nauyin da kowane sashen tsiro yake buƙata kafin in naɗe ko da kwanso ɗaya.