Na ɗora wa tsohuwar kwamfutata Linux Mint: abin da na gani bayan shekara guda

Kwamfutar da nake wannan rubutu a kanta ta girmi autar gidanmu. Tun 2014 take zaune a kan tebur, Core i5 ce jeri na huɗu, RAM ɗinta gigabait 8, kuma kafin wannan labari sau ɗaya kacal na taɓa buɗe cikinta, ranar da fanka ta fara kuka saboda ƙura. Da aka sanar cewa daga 14 ga Oktoba 2025 Windows 10 zai daina samun sabuntawar tsaro, sai na duba ko za ta ɗauki Windows 11. Ba ta cika sharaɗi ba: ba ta da TPM 2.0, wato wani ɗan guntun tsaro da Windows 11 ke buƙata, kuma a ɓangaren Intel daga jeri na takwas ake farawa. Na'ura lafiyarta ƙalau, a ce in jingine ta a lungu? Zuciyata ba ta yarda ba.

Haka na faɗa hannun Linux Mint 22, tsarin gudanar da kwamfuta da ake sawa a madadin Windows, wanda ya fito a watan Yuli 2024. Sunansa Wilma, domin masu shi suna da al'adar raɗa wa kowace fitowa sunan mace. A kan Ubuntu 24.04, wani nau'in Linux, aka gina shi, za a ci gaba da kula da shi har 2029, kuma kyauta ne. Na zaɓi fuskar Cinnamon. Wanda ya saba da Windows ba zai yi ɓatan kai a ciki ba: maɓallin menu na ƙasa ta hagu, agogo na ƙasa ta dama. Kafin in taɓa komai na kunna shi daga filashi na yi kwana biyu ina lalube, na tabbatar sauti da waifai da firinta duk suna aiki. Kada ka tsallake wannan gwajin.

Abin da ya saye ni shi ne Timeshift. Manhaja ce da ke ɗaukar hoton tsarin kwamfutar gaba ɗaya ta adana, ta yadda in abu ya lalace za ka koma yadda kake jiya. Ranar farko na saita shi ba don na san darajarsa ba, don dai allon maraba ya ce a yi. A mako na uku rawar kai ta kama ni. Na kwafo wani umarni daga intanet na liƙa a tamina, wato tagar rubuta umarni, ba tare da na fahimci rabinsa ba, wai ina so in gyara hoton allo. Da na sake kunnawa, sai baƙin allo da ɗan farin layi yana ƙyaftawa. Laifina ne, ba na kowa ba. Na ɗauko filashin nan, na tayar da kwamfutar daga kansa, na buɗe Timeshift, na zaɓi hoton daren jiya. Kafin in gama zargin kaina komai ya dawo daidai.

Sai dai akwai inda mutane ke ruɗuwa. Timeshift tsarin yake karewa, ba ya kwashe takardunka da hotunanka sai in kai ka umarce shi. Waɗannan nemo musu faifai na waje. Kuma kada ka bar Timeshift ya tara hotunan tsarin barkatai, zai cinye maka wuri. Ni biyar na kullum nake ajiyewa, da biyu na mako.

Wasu ƙananan saituka sun rage mini wahala. A cikin Software Sources akwai wurin zaɓar sabar da ta fi kusa da kai. Da na canja, saukar da sabuntawa ta daina jan ƙafa. A Startup Applications na kashe duk abin da ke tashi tare da kwamfutar alhali ban gayyace shi ba. In ka danne maɓallin da ke da tambarin Windows tare da kibiyar hagu ko ta dama, tagar da kake ciki za ta kama rabin allo, ka sa wata a ɗaya rabin. Ctrl da Alt da kibiya kuma suna kai ka wani teburin aiki daban. Ni ɗaya na rubutu ne, ɗaya na burauza, saboda na san halina: in ina hango Firefox ba zan gama shafi ba. Kuma a jerin allunan rubutu akwai na Hausa, don haka ƙ da ɗ da ɓ ba sai na je kwafowa ba.

Ba kowa zan ce ya bi ni ba. Microsoft Office da Photoshop ba su da bugun Linux. LibreOffice ne ke zuwa a ciki, kuma ya ishe ni wasiƙa da lissafi. In kana yawan musayar takardun Word da mutane, saka fakitin haruffa mai suna ttf-mscorefonts-installer tun da wuri, domin rashin irin su Arial da Times New Roman ne ke yawan sa layuka su goce. Wanda cinsa da shansa ke kan wata manhaja ta musamman ya fara bincika ko tana aiki a nan, in ba ta yi, ya tsaya inda yake.

Gaskiya ɗaya da ba zan ɓoye ba: ba duk saurin da nake gani ne aikin Mint ba. Bayan wata huɗu na cire tsohon faifai mai juyawa na sa SSD, wato ma'ajiya mai sauri da ba ta juyawa, kuma wannan ya fi duk saitin da na lissafa tasiri. Tsohon faifan bai tafi bola ba, na sa shi a akwati mai kebul, shi ne yanzu ma'ajiyar hotunan iyali.