Neman labarin wanda ya rasu a Yaƙin Bama: rajistar kaburbura ko takardun Kaduna?

Ɗan'uwa, ka yi tambaya daga Argungu a kan ƙanen kakanka da aka ɗauka soja a Yaƙin Duniya na Biyu, ya tafi ƙasar Bama (Myanmar a yau) bai dawo ba, kana son sanin ko Kaduna za ka fara zuwa ko rajistar da ke intanet za ka duba. Allah ya jiƙansa. Hanyoyin biyu ba tambaya ɗaya suke amsawa ba.

Rajistar hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen rainon Ingila, wadda ake kira CWGC, mutumin kansa take nuna maka, kuma kyauta ake duba ta. Idan ka dace, za ka ga lambarsa ta soja, da muƙaminsa, da bataliyarsa, da ranar rasuwarsa, da inda aka binne shi. Da yawa daga cikin sojojin da suka rasu a Bama suna maƙabartar Taukkyan kusa da birnin Yangon, waɗanda ba a san kabarinsu ba kuwa an sassaƙa sunayensu a ginin tunawa da ke cikinta, mai ɗauke da sunaye kusan 27,000. Wahalar rajistar ɗaya ce, wato suna. Turawa sukan rubuta garin mutum a madadin sunan mahaifinsa, sai ka tarar da Garba ya koma Garuba, an liƙa masa Argungu ko Sokoto a baya. Ni kaina na kwana uku ina neman wani kakanmu da sunan mahaifinsa ban same shi ba, sai da na gwada sunan gari.

Gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna kuwa zamanin yake nuna maka. Can ne takardun mulkin Lardin Sakkwato suke, wanda Argungu ke ƙarƙashinsa a lokacin, amma an jera su ne bisa batutuwan mulki, ba bisa sunan kowane soja ba, saboda haka wanda ya je hannu rabbana zai iya ƙarar da guzurinsa bai ga sunan nasa ba.

A ganina rajistar ce farko, domin ranar rasuwa da bataliya su ne mabuɗin sauran. Runduna ta 81 ta sojojin Afirka ta Yamma ta yi yaƙi a kwarin Kaladan da ke Bama a 1944, ita da runduna ta 82 suka kama garin Myohaung a Janairun 1945, kuma littattafan da bataliyoyi ke rubuta abin da ya faru kowace rana suna ajiye a gidan adana takardun tarihi na Ingila da ke Kew, a Landan. Da kwanan wata a hannunka za ka san shafin da za ka nema.

Kafin duk wannan, ka zauna da tsohuwar da ta fi kowa shekaru a gidanku, ka tambaye ta sunansa na yanka, da laƙabinsa, da garin da aka ɗauke shi, ka rubuta su yadda ta faɗa.